Dam Ɗin Da Aka Yi Wa Faifai

 Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi, ni kuwa a dogon hutun watan Agustan 2025 Allah Ya nufe ni da wata tafiya da ban taɓa sa ta a lissafi ba. Gwaggona, yayar mahaifinmu, ta daɗe tana tara ribar man gyaɗa da ƙuli-ƙulinta da burin ziyartar birnin Fas na ƙasar Maroko, da 'ya'yanta suka cika mata guzuri sai aka rasa wanda zai yi mata tafinta. Da yake ni ce na karanta Larabci a kwaleji, kuma makarantarmu ta Islamiyya tana hutu, sai ƙuri'a ta faɗo kaina. Maigida ya yi mini izini, yayana wanda muharrami ne gare mu duka biyu ya shige gaba, muka kama hanya.

Labarin ziyara da masallatai da kasuwanni na bar shi sai wani jiƙon. Abin da nake so in ba ku yau labarin wani dam ne da na gani a arewacin ƙasar, wanda aka shimfiɗa wa farantan sola a kan ruwansa, da kuma dalilin da ya kai mutanen ga yin haka, domin tun da na dawo ban ƙara kallon randar tsakar gidana kamar yadda nake kallonta a da ba.

Mun baro damina, mun tarar da rani

Ranar da muka bar Kano ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, dawa da gero sun yi kore shar a gefen hanya. Daga Legas muka tashi zuwa Kasabalanka, daga nan jirgin ƙasa ya ɗauke mu zuwa Fas. Tun ta tagar jirgin Gwaggo ta fara salati, domin ko'ina ka duba gonaki ne rawaya fatau, an girbe alkama sai kara, ƙoramu kuma sun bushe sai duwatsu. Ta ce, "Ke 'yar nan, su waɗannan damina ba ta zo musu ba ne?" Na yi mata bayanin cewa lokutansu saɓanin namu ne. Su ruwansu da sanyi yake zuwa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu, lokacin da muke fama da hunturu da ƙura. Idan mu muna damina, su suna tsakiyar rani da zafi. Wannan ya sa duk abin da za su sha ko su yi ban-ruwa da shi a watannin zafi, sai wanda suka tara a madatsun ruwa tun lokacin sanyi.

A tsohon birnin Fas muka sauka, gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu take karɓar baƙi. Lalla muke kiranta, kamar yadda mu muke cewa Hajiya. Da farko mun sha wahalar fahimtar juna, domin Larabcinsu na gida, wanda suke kira Darija, ya yi nisa da wanda muka koya a aji, sai da ta riƙa sassautawa tana yi mini irin na littafi. Amma da aka tayar da salla sai muka ji kamar a gida muke, karatun Warshu ne irin na allonmu, mazhabar kuma ta Imamu Malik.

A tsakar gidan akwai wani ɗan kwarmin ruwa da aka ƙawata da ƙananan tayil masu launi, irin wanda ruwa ke tsartuwa daga tsakiyarsa. A bushe muka same shi, an ɗora tukunyar fure a ciki. A banɗaki kuwa bokiti ne a ƙarƙashin famfo, ruwan alwala da na wanke hannu duk a ciki yake taruwa, da shi ake ba shuke-shuke, da shi ake wanke daɓe. Da na tambaye ta, sai ta ɗaga yatsu bakwai ta ce shekara ta bakwai ke nan suna cikin fari.

Sallar da ba a yi layya ba

Da daddare muna shan shayin na'ana'a Lalla ta ba mu labarin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. Ta ce a wannan shekarar ba su yi layya ba, ba ita kaɗai ba, kusan ƙasar baki ɗaya. A ranar 26 ga Fabrairun 2025 ministan harkokin addini, Ahmad Taufiƙ, ya karanta saƙon Sarki Muhammadu na Shida a talabijin, inda ya roƙi jama'a su haƙura da yanka a Babbar Sallar shekarar. Dalili kuwa shi ne fari ya cinye makiyaya, ƙididdigar gwamnati ta nuna dabbobin ƙasar sun ragu da kashi 38 cikin 100 idan aka kwatanta da shekarar 2016, kuɗin rago ya fi ƙarfin talaka, idan kuma aka yanka miliyoyin raguna a rana ɗaya garken da ya rage ba zai farfaɗo ba. Ranar Salla Sarkin ya yanka raguna biyu, ɗaya nasa, ɗaya a madadin al'ummarsa. Mahaifinsa, Sarki Hasan na Biyu, ya taɓa yin irin wannan kira har sau uku, a 1963 da 1981 da 1996.

Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Salla babu layya? Inna lillahi!" Na tuna mata abin da muke koyar da yara a aji, cewa layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, ba a ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Lalla ta ce haka malamansu suka faɗa, kuma mutane da yawa sun ji sauƙi a aljihunsu, amma duk da haka ranar ta yi mata wani iri. A al'adarsu da an yi yanka ake gasa hanta a naɗe da kitse a tsinke, suna kiransa bulfaf, hayaƙin gawayi ya turnuƙe kowane lungu. A bana lungunan shiru, jikokinta suna ta tambayarta ina rago. Ƙaninta da ke kiwo a ƙauye kuwa tun kafin nan ya sayar da fiye da rabin tumakinsa, saboda kuɗin abincinsu ya fi kuɗinsu.

Ta ƙara da cewa a 2024 hukumomi a manyan birane sun sa gidajen wanka na haya, waɗanda suke kira hammam, su riƙa rufewa kwana uku a mako, haka ma masu wankin mota. Wanda ya san matsayin hammam a wurin matan Maroko, inda ake haɗuwa a yi wanka a yi hira a shirya amare, ya san ba ƙaramin abu ne ya kai ga haka ba. Dam ɗin Almasira, na biyu a girma a ƙasar, a shekarar ruwansa ya yi ƙasa da kashi 5 cikin 100 na abin da yake ɗauka. An fita sallar roƙon ruwa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Hanyar Tanja

Ɗan Lalla na biyu injiniya ne, yana zaune da iyalinsa a birnin Tanja, can ƙarshen arewa a bakin teku. Da ya ji mahaifiyarsa ta yi baƙi daga Nijeriya sai ya matsa lallai mu je mu kwana biyu. Ni ma dama ina da kwaɗayin ganin garin, domin nan ne mahaifar Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan da aka haifa a 1304, wanda yawonsa ya kai shi har Mali da Takadda. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Ƙunaiɗira, daga nan muka canza zuwa jirgin nan mai gudun tsiya da suka sa wa suna Alburaƙ, wanda aka buɗe a 2018, yana kaiwa kilomita 320 a awa. Gwaggo ba ta saki carbinta ba har muka sauka.

Washegari ya ɗauke mu a mota muka yi gabas, hanya tana bin gefen duwatsu, teku a hagunmu. Ya nuna mana wani tudu can ƙetaren ruwa ya ce Sifaniya ke nan, tsohuwar Andalus, a wuri mafi ƙunci tsakaninsu kilomita 14 ne kacal. Bayan tafiyar kamar kilomita 40 muka hango tashar jiragen ruwa ta Tanja Med, wadda aka buɗe a 2007, kuma ita ce kan gaba a Afirka wajen yawan kwantenonin da ake saukewa da lodawa. Na ɗauka nan zai tsaya, sai ya karya kan mota ya hau wata hanya cikin tsaunuka, ya ce akwai abin da yake so malama ta gani, tunda ya ji jiya ina ta tambayar mahaifiyarsa zancen ruwa.

A kan wani tudu ya tsaya muka fito. Ƙasa da mu ga dam shimfiɗe tsakanin duwatsu, sunansa Wadi Ramal, wato kwarin rairayi. A gefen ruwan ana ganin farin zobe a jikin ƙasa, alamar inda ruwa yake kaiwa a da. Can a kan ruwan kuma ga wasu abubuwa baƙaƙe masu sheƙi jere reras, sahu-sahu, kamar an shimfiɗa tabarmi a filin Idi. Sai da na ƙura ido na gane farantan sola ne, irin waɗanda muke ɗorawa a kan rufin kwano, amma dubbai, kuma suna iyo a kan ruwa.

Gwaggo ta sa hannu ta kare rana ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Au, faifai suka yi wa randar tasu." Na fassara wa injiniyan, na kwatanta masa yadda faifai yake da yadda muke rufe bakin randa da shi. Ya yi dariya har da tafawa, ya ce, "Hajja ta gama bayanin, abin da ya rage ƙari ne kawai."

Ɓarawon da ba a gani

Ga ƙarin da ya yi mana. Ya ce duk ruwan da aka tara a fili yana da masu sha guda uku da ba a gayyace su ba: zafin rana, da iska, da bushewar sararin sama. Rana tana ɗumama saman ruwan ya riƙa tashi a matsayin tururin da ido ba ya gani, iska ta kwashe tururin ta kawo busasshiya a madadinsa, ita ma ta ɗiba ta wuce. Kowace mace ta san wannan a wurin shanya, kayan da aka shanya a rana ga iska tana kaɗawa sun fi saurin bushewa a kan waɗanda aka rataya a ɗaki. Dam kuwa shanya ce da ba a kwashewa, dare da rana.

Bisa alƙaluman ma'aikatar ruwa ta ƙasar, wannan dam mai faɗin hekta 123 yana asarar kimanin kubik mita 3,000 a kowace rana ta wannan hanya, a watannin zafi kuma abin yana ninkawa har ya wuce. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne. Nan take na ciro biro na yi lissafi da ma'aunin da na fi sani, wato jarkar mai ruwa mai lita 25. Lita miliyan 3 jarka 120,000 ke nan. Idan kurar ɗan ga-ruwa tana ɗaukar jarka 12, to kura 10,000 ce take tashi sama kowace rana, babu wanda ya sha, babu wanda ya yi alwala, babu shukar da ta jiƙa. Kuma wannan ƙaramin dam ne. Tafkin Nasir da ke bayan dam ɗin Aswan a Masar, an ƙiyasta yana rasa kimanin kubik mita biliyan 10 a shekara, alhali kason Masar baki ɗaya daga kogin Nilu a yarjejeniyar 1959 biliyan 55 da rabi ne.

An fara aikin Wadi Ramal a ƙarshen 2024 a matsayin gwaji. Farantan ba a kan ruwa kai tsaye suke ba, an ɗora su a kan wasu akwatunan roba masu iska a ciki, an sarƙe su da juna. Da ya faɗi haka sai na tuna masuntan Argungu da suke kifa ciki a kan gora su yi ta yawo a kan ruwa. An ɗaure su da igiyoyi masu ƙarfi don kada iska ta tafi da su, an kuma bar wa igiyoyin sarari yadda idan ruwa ya ƙaru za su taso, idan ya ragu su bi shi. Tsarin da aka sanar shi ne a kai faranti 22,000, su rufe kimanin hekta 10, su ba da wuta megawat 13 domin amfanin tashar jiragen ruwan. Burin ma'aikatar shi ne a rage ƙafewar ruwan da kimanin kashi 30 cikin 100, kuma cikin shirin har da dasa itatuwa a gefen dam ɗin domin su karya ƙarfin iska.

Abin da ya fi burge ni shi ne cuɗe-ni-in-cuɗe-ka da ke tsakanin ruwan da farantin. Farantin yana yi wa ruwa inuwa, yana tare masa iska. Ruwan kuma yana sanyaya farantin. Da yawa daga cikinmu muna zaton sola zafi take so, alhali haske take so, zafi rage mata ƙarfi yake yi. Ana auna ƙarfin faranti ne a ma'aunin zafi 25, duk digiri ɗaya da ya ƙaru a jikinsa yana rage kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na wutar da yake bayarwa, faranti a kan kwano da tsakar rana kuwa yana iya wuce digiri 60. Wanda ke kan ruwa yana samun sanyi daga ƙasa. Ga kuma amfani na uku, ba a karɓe gonar kowa ba balle a yi rigimar diyya.

Ba yau aka fara ba

Na ce masa lallai Turawa sun iya dabara. Ya ce a'a malama, farantin ne sabo, tunanin tsoho ne. Kakanninsu a yankin Marrakish tun zamanin Murabiɗun, kusan shekara 900 da suka wuce, suke haƙa hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, suna kiransu khaɗɗara. Ana jero rijiyoyi daga gindin dutse, a haɗe su ta ƙasa, ruwa ya gangaro tafiyar kilomitoci zuwa gonakin dabino ba tare da rana ta gan shi ba. Mutanen da suka rayu a bakin hamada sun daɗe da sanin cewa samo ruwa rabin aiki ne, ɓoye shi daga rana shi ne sauran rabin.

Ɗora sola a kan ruwa kuwa a Japan aka fara gwada shi a 2007. A jihar Gujarat ta Indiya, a 2012, sun yi wa wata hanyar ruwan noma rumfa da farantan sola. Kusa da mu ma, a Ghana, akwai mai megawat 5 da ke iyo a kan dam ɗin Bui. A Maroko kuma ana nazarin yin irinsa a wasu madatsun biyu, Wadil Makhazin a arewa da Lalla Takarkust kusa da Marrakish.

Yayana, wanda ɗan kasuwa ne, ya tambayi abin da ɗan kasuwa zai tambaya: in dai haka ne, me ya hana a rufe dam ɗin gaba ɗaya a huta? Injiniyan ya girgiza kai. Ya ce na farko kuɗi, domin ginawa a kan ruwa ta fi ta tudu tsada, ga robobi, ga igiyoyi, ga wayoyin da dole a killace su sosai tunda wuta da ruwa ba sa ga-maciji. Na biyu, ruwa yana da rai. Rage hasken rana yana hana gansakuka yawa, wannan alheri ne, amma idan aka rufe ko'ina kifi da sauran halittu za su rasa haske da iskar da suke buƙata. Na uku, kulawa, ƙura da kashin tsuntsaye suna dusashe farantin, sai an riƙa bi da kwale-kwale ana wankewa. Na huɗu, manyan madatsun suna da faɗin da babu kuɗin da zai rufe su, kuma idan ruwa ya janye sosai farantan a kan laka za su zauna. Hekta 10 cikin 123 ma bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Don haka, in ji shi, kada mu koma gida mu ce mun ga maganin fari. Ƙasar tana tace ruwan teku a Agadir, an aza harsashin wata babbar matatar a Kasabalanka a 2024, an kuma ja ruwa daga kogin Sabu zuwa dam ɗin da ke shayar da Rabat a 2023. Sola a kan dam ɗaya ce daga cikin dabaru. Fifikonta shi ne ba ta neman sabon ruwa, wanda ke hannu take tsarewa.

Tunanin gida

A hanyar dawowa shiru na yi, zuciyata ta tafi Tiga. Mu 'yan asalin ƙasar Rano ne, kuma na taso ina jin labarin yadda aka gina dam ɗin a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala shi a 1974, daidai lokacin da farin farkon shekarun 1970 ya gigita ƙasar Hausa. Da ruwansa ake noman rani a Kadawa da Kura, tumatir da shinkafa da alkamar da muke ci. Ga na Challawa da aka gama a 1992, ga Watari, ga Thomas, ga wasu birjik. Duk wanda ya je bakin ɗayansu a watan Afrilu ya ga irin farin zoben da na gani a Wadi Ramal. Mukan ce manoma sun janye, ko an saki ruwa, amma ba mu cika lissafa kason rana da iskar hunturu ba, alhali a yankinmu abin da rana ke iya ƙafarwa a shekara ya fi abin da sama ke zubarwa nesa ba kusa ba. Mutanen Hadeja da Nguru da ke ƙasan kogin, masu jiran abin da ya rage, su suka fi kowa sanin zafin wannan.

Mu kuma ga mu da matsalar biyu a haɗe, ba ruwa ba wuta. Famfon unguwarmu na manta rabon da ya ɗiga, kullum sai na sayi jarka shida ko bakwai, idan wuta ta daɗe ba ta zo ba masu rijiyar burtsatse su ƙara kuɗi saboda man janareto. Shi ya sa abin da na gani ya tsaya mini a rai. Ba ina cewa gobe a je a shimfiɗa faranti a Tiga ba ne. Dam ɗinmu akwai masunta da suke ci daga gare shi, akwai Fulani masu shayar da shanu, akwai masu kwale-kwale, duk wanda zai yi irin wannan aiki sai ya zauna da su tukuna. Ƙurar hunturunmu ma ta fi ta Tanja. Amma muna da jami'o'i da injiniyoyi, cikinsu har da 'ya'yanmu mata, kuma gwaji a ƙaramin dam ko tafkin gidan ruwa bai fi ƙarfinmu ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kafin hukuma ta motsa, akwai namu na cikin gida. Durom nawa ne a tsakar gidajenmu suke zaune baki buɗe, rana ta sha, ƙura ta shiga, sauro ya yi ƙwai? Mu da aka umarta da rufe mazubin ruwa da na abinci idan dare ya yi, ko da da ɗan itace ne a gitta, kamar yadda ya tabbata a ingantattun hadisai. Mu da aka ruwaito mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, abin da bai kai lita guda ba. Mai 'yar shuka a gida ta yi ban-ruwa da sassafe ko da yamma, ta rufe gindin shukar da ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Ruwan wankin shinkafa da na alwala kada ya tafi kwata a banza.

Da hunturu ya kankama a watan Janairu na gwada abin da ɗalibaina 'yan aji huɗu. Muka samo faranti biyu na silba iri ɗaya, muka zuba wa kowanne ruwa kofi uku, muka ajiye su a kan katangar makaranta, ɗaya a buɗe, ɗaya muka rufe da faifai muka danne da dutse. Bayan kwana uku muka duba. Na buɗen ya kusa ƙafewa, ɗan abin da ya rage ya yi ja da ƙura, na rufen kuwa kamar ba a taɓa shi ba. Wata yarinya ta ce, "Malama, wa ya shanye?" Na ce wannan tambayar ce ta sa mutanen Maroko suka ɗora sola a kan dam.

A cikin watan ne kuma Lalla ta kira ni a waya muryarta cike da murna. Allah Ya buɗe musu taskar rahama, an yi ruwa da dusar ƙanƙara irin wanda suka daɗe ba su gani ba, har ministan ruwa Nizar Baraka ya sanar a Janairun 2026 cewa farin shekara bakwai ya kau. Ba a jima ba ma ruwan ya yi yawa a arewa, a Fabrairu aka kwashe dubban mutane daga garin Ƙasrul Kabir saboda ambaliya. Na tambaye ta ko yanzu za ta ɗauke bokitin nan na ƙarƙashin famfo. Ta ce ko kusa, wanda ya ga shekara bakwai ba ya sakin jiki da damina ɗaya, watan Agusta yana nan tafe kuma rana ba ta manta hanyar dam ba.

Gwaggo kuwa tun da muka dawo ta sa an saƙa mata sababbin faya-fayai guda huɗu, kowace randa da nata, jikokinta sun san wanda ya sha ruwa ya bar baki buɗe zai gamu da ita. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba mu ikon tattalin abin da Ya ba mu, Ya kiyashe mu da fari da ambaliya, mu da 'yan'uwanmu na Maroko da sauran ƙasashe baki ɗaya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu, inda zan kawo muku labarin masallacin Ƙarawiyyin da baiwar Allah Faɗimatul Fihriyya ta gina a Fas a shekarar 859. Wassalamu alaikum.